Daga Ina Dalma Ke Shiga Jikin Mikiya?

Wani malamin makarantar sakandare mai koyar da ilimin halittu ya aiko da tambaya. Ya ce ya karanta cewa kusan rabin mikiyoyin Amurka suna ɗauke da gubar dalma a jikinsu, kuma abin ya ɗaure masa kai, domin tsuntsuwar da take kwana a kan duwatsu da dogayen itatuwa, nesa da masana'antu da ramukan haƙar ma'adinai, bai ga inda za ta gamu da dalma ba. Ya tambaya ko ruwan da take sha ne ya gurɓata, ko kifin da take ci, kamar yadda ƙasa ta gurɓata a ƙauyukan Zamfara.

Malam, Allah ya ƙara basira. Amsar a taƙaice ita ce mikiya tana cin dalmar ne a cikin nama, kuma mafi yawan wannan dalma ɓarɓashin harsashi ne da ya rage a cikin mushe ko kayan cikin dabbar da maharbi ya harbe ya bari a daji. Akwai wasu hanyoyin, kuma zan zo kansu, amma duk wanda ya daɗe yana duba tsuntsaye masu cin nama ya san cewa ba su kama ƙafar wannan ba. Kafin na ci gaba, kalmar mikiya a nan tana nufin tsuntsuwar da wasu ke kira gaggafa, musamman iri biyu da suke Amurka: mai farin kai, wadda ita ce tambarin ƙasar, da mai ruwan zinare a ƙeya, wadda ake samu har a Turai da Asiya da arewacin Afirka.

Mutane da yawa suna ɗaukar mikiya a matsayin mafarauciyar da ba ta cin komai sai abin da ta kama da faratanta. A lokacin yalwa haka abin yake, domin mai farin kai tana kamun kifi da agwagin ruwa, mai ruwan zinare kuma tana bin zomaye da kuregu. To amma a ƙasashen da hunturu ke daskarar da koguna, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa na tsawon watanni, farauta tana wuya, kuma tsuntsuwar da nauyinta ya kai kilo 4 zuwa 6 ba za ta ƙi naman da ta hango kwance a fili ba. Sai ta koma cin mushe kamar ungulu. Wannan lokaci na ƙarancin abinci ya zo daidai da lokacin da doka ta buɗe farautar barewa, wato daga ƙarshen kaka zuwa farkon hunturu, kuma a Amurka kaɗai maharba suna kashe barewa mai farar wutsiya kimanin miliyan 6 a kowace shekara. Al'adar maharbin can ita ce idan ya kayar da dabba, nan take zai farka cikinta, ya zubar da tumbi da hanji da huhu a wurin don naman ya yi saurin hucewa kuma ya rage nauyin ɗauka, sannan ya ja sauran zuwa mota. Haka kuma akwai dabbobin da harsashi ya sama suka gudu suka mutu a cikin sarƙaƙiya ba a gano su ba, da kuregu da karnukan daji da manoma da makiyaya ke harbewa su bar su inda suka faɗi, da dabbar gida da ta karye aka harbe ta aka jefar. Duk wannan shimfiɗaɗɗen abinci ne ga tsuntsuwar da Allah ya hore wa hangen nesa.

Abin da ya kamata a fahimta sosai shi ne abin da ke faruwa da harsashin kansa, domin a nan ne tunanin yawancin mutane yake kuskure. Ana zaton harsashi yana shiga ne ya fita ɗungurungum, ko ya tsaya wuri guda yadda mai fiɗa zai ciro shi ya yar. Harsashin bindigar farauta ta zamani cikinsa dalma ce, an lulluɓe ta da siririn jan ƙarfe, kuma da gangan aka ƙera shi don bakinsa ya buɗe idan ya bugi jiki, saboda ya yi rauni mai faɗi dabbar ta mutu da wuri. Yana isa da gudun da ya kai mita 800 zuwa 900 a daƙiƙa ɗaya, ita kuwa dalma ƙarfe ce mai taushi da farce ma yana iya karta ta. Saboda haka da ya ci karo da ƙashi ko tsoka sai ya riƙa zubar da kansa a kan hanya, har wasu nau'o'in su rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsu a cikin jikin dabbar.

Wanda bai taɓa ganin hoton eksire na ƙirjin barewar da aka harba ba, da wuya ya yarda da yawan abin. Idan aka ɗora hoton a gaban fitila, haƙarƙari suna fitowa fari-fari, tsoka ta yi toka-toka, sai kuma a ga wasu ɗige-ɗige farare fat sun bazu kamar an watsa gero a kan baƙar tabarma, sun yi kauri a kusa da hanyar da harsashin ya bi, suna raguwa yayin da ake nisa da ita. Wasu sun kai girman ƙwayar dawa, mafi yawa kuwa ba su kai ƙwayar yashi ba, kuma akwai waɗanda na'urar ma ba ta iya nunawa. A wani bincike da Grainger Hunt da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, sun ɗauki hoton tarin kayan ciki 20 da maharba suka bari, suka sami ɓarɓashin ƙarfe a cikin 18, wasu da ɗaruruwan gutsattsari. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minesota ta yi nata gwajin a 2008 da gawarwakin tumaki, ta ga ɓarɓashin yana kaiwa nisan fiye da santimita 30 daga ramin harsashin. Huhu da hanta da zuciya su ne inda maharbi yake auna, su ne kuma mafi taushi a jikin dabba, don haka su mikiya take fara yaga ta haɗiye da manyan loma ba tare da tauna ba.

Da a ce dalmar za ta wuce ta cikin hanji kamar tsakuwa, da matsalar ta zo da sauƙi. Cikin tsuntsu mai cin nama yana da ruwan narkar da abinci mai tsananin tsami, wanda ma'aunin tsaminsa na pH kan sauka zuwa tsakanin 1 da 2 (a wannan ma'auni, ƙaramar lamba tsami mai ƙarfi take nufi), domin an halicce shi ya narkar da ƙashi. Wannan ruwa yana narkar da dalma ita ma, kuma ƙananan gutsattsari sun fi babban dunƙule saurin narkewa, kamar yadda garin gishiri ya fi dutsen gishiri saurin bin ruwa. Idan ta narke ta shiga jini, jiki ba ya bambanta ta da kalsiyam da sauran ma'adinan da yake buƙata, sai ya kai ta wuraren da su ya kamata su zauna. Tana toshe aikin sinadarin da ke haɗa jan jini, tsuntsuwar ta kamu da ƙarancin jini. Tana lalata jijiyoyin da ke motsa hanji, abinci ya tsaya cik a jakar wuya ya fara ruɓewa. Tana taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwa da jijiyoyin gani.

A ɗakin jinyar tsuntsaye, mikiyar da dalma ta ci ƙarfinta tana da kamannin da ba a mantawa. Tana zaune a kan gwiwoyinta maimakon ta tsaya a kan ƙafafu, faratanta a dunƙule, fuka-fukanta sun saki sun taɓa ƙasa, kanta a sunkuye ko ya karkace gefe guda. Bakinta a buɗe tana jan numfashi da ƙyar, kashinta kore shar ya ɓata gashin wutsiyarta, kuma idan aka shafa ƙirjinta sai a ji ƙashin tsakiya ya fito kamar bakin wuƙa saboda tsokar da take tashi da ita ta zube. Tsuntsuwar da a lafiyarta sai mutum biyu da safar hannu mai kauri suke iya riƙe ta, sai ga shi an naɗe ta a bargo ba ta ko yunƙurin kai cizo. Wannan rashin yunƙuri shi ne ya fi tayar wa likita hankali, domin yana nuna gubar ta riga ta kai ƙwaƙwalwa.

Ana auna dalmar jini da maikirogiram a cikin kowace desilita. Ƙasa da 10 zuwa 20 ana ɗaukarsa a matsayin abin da tsuntsu ya tsinta a muhalli, daga 20 zuwa 60 gubar tana aiki ko da ba a ga alama a fili ba, sama da 60 ciwo ne sosai, wadda kuma ta haura 100 zuwa 120 ba kasafai take tashi ba. Ƙaramar na'urar da cibiyoyi da yawa suke gwaji da ita iyakar ƙidayarta 65 ce, idan jini ya wuce haka sai ta nuna cewa ya yi yawa kawai ba tare da ba da lamba ba. Irin wannan na'ura aka yi aiki da ita a Zamfara a 2010, kuma haka ta riƙa nunawa a jinin yara da yawa. Maganin ma kusan ɗaya ne: ana ba da sinadarin da ke kama dalma a cikin jini ya fitar da ita ta ƙoda, ko dai allurar da ake kira EDTA ko kuma maganin sha mai suna DMSA, wanda shi ne likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF suka bai wa yaran Zamfara. Ana yin kwanaki ana bayarwa, a huta, a sake aunawa, domin dalmar da ta ɓuya a ƙashi da sauran sassan jiki tana sake komowa cikin jini. Maganin yana rage gubar da ke yawo, amma ba ya gyara jijiyar da ta riga ta lalace, shi ya sa ake samun tsuntsuwar da jininta ya wanke amma ta makance, ko ta kasa auna nisa, ba yadda za a sake ta ta koma daji.

Ga wani abu da ke ruɗa masu bincike sababbin shiga. Sau da yawa za a ɗauki hoton cikin mikiyar da jininta ya cika da dalma, a ga babu ko gutsure ɗaya na ƙarfe. Dalili shi ne mikiya tana amayar da dunƙulen gashi da ƙashin da ba su narke ba, wani lokaci tare da ragowar ƙarfen, ko kuma ɓarɓashin ya narke ƙarƙaf kafin ciwon ya kwantar da ita har a tsince ta. Tun a 1981 wani gwaji da aka yi a cibiyar binciken namun daji ta Patuxent da ke Amurka ya nuna bambancin da ke tsakanin tsuntsu da tsuntsu: an ciyar da mikiyoyi biyar ƙwayoyin harsashi, huɗu suka mutu, wasu cikin makonni biyu zuwa uku, wata sai bayan wata huɗu, ta biyar kuma ta makance.

Tunda ba kullum ake kama ƙarfen a ciki ba, kuna da haƙƙin tambaya ta yaya aka tabbatar harsashi ne. Hujjar ta taru ne daga ɓangarori da dama, kuma tarihin yadda aka gano ta yana da amfani. Da farko an ɗora laifin a kan ƙananan ƙwayoyin dalma na bindigar harbin tsuntsaye. Agwagin ruwa suna tsintar waɗannan ƙwayoyi a cikin taɓo suna zaton tsakuwar da suke haɗiya don niƙa abinci a ƙundu ce, su yi rauni, mikiya ta kama su ta ci, ko ta ci agwagwar da aka harba ta tsere da ƙwayoyi a jikinta. Wannan gaskiya ne, kuma yana cikin dalilan da suka sa Amurka ta haramta ƙwayoyin dalma a farautar tsuntsayen ruwa a faɗin ƙasar a 1991. Agwagi sun amfana ƙwarai. Sai dai da cibiyar jinyar tsuntsaye masu farauta ta Jami'ar Minesota ta waiwayi bayanan mikiyoyin da aka kawo mata daga 1980 zuwa 1995, sai ta ga yawan masu ɗauke da dalma bai ragu ba bayan haramcin. Ke nan akwai wata ƙofa da ba a rufe ba. Da aka duba watannin da ake kawo su, sai aka ga abin yana tashi ne daga Nuwamba, watan da ake buɗe farautar barewa da bindiga a jihar, ya ci gaba cikin hunturu, sannan ya lafa da bazara. Ruwan sha ko hayaƙin masana'anta ba su san watan Nuwamba ba, da su ne sanadi da an ga abin ya bazu a duk shekara.

A kwarin Jackson Hole na jihar Wayomin, inda ake farautar babbar barewar da ake kira elk, masu bincike sun kama hankaki da mikiyoyi suna auna jininsu kafin farauta da lokacinta, suka ga dalma tana hawa da zarar an fara harbi. Daga baya aka raba wa maharba harsashin da babu dalma a cikinsa, sai ma'aunin jinin mikiyoyin ya sauka gwargwadon yawan maharban da suka karɓa. Haka aka gani a Kalifoniya bayan dokar 2008 da ta hana harsashin dalma a yankin da babbar ungulun nan mai suna kondo take zaune: dalmar jinin mikiya mai ruwan zinare ta ragu cikin ɗan lokaci. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, domin an cire abu ɗaya tak, ciwon kuma ya ragu.

Akwai kuma hujjar ɗakin gwaji. Dalma tana da nau'o'i huɗu tabbatattu masu ɗan bambancin nauyi, waɗanda ake yi wa laƙabi da lambobin 204 da 206 da 207 da 208, kuma yadda suke cakuɗe ya danganta da ramin da aka haƙo ta. Wannan ya zama kamar zanen yatsa. A tsaunukan Switzalan an gwada dalmar da ke ƙashin mikiyoyi masu ruwan zinare, aka ga ta yi daidai da ta harsashin da maharba ke amfani da shi, ta saɓa da wadda ke cikin ƙasar wurin. Irin wannan sakamako aka samu a jinin ungulun Kalifoniya a binciken da aka wallafa a 2012. Wannan hanya tana da rauninta, domin masu ƙera harsashi suna amfani da dalmar da aka narkar daga tsofaffin batura masu asali daban-daban, saboda haka ba na son a dogara da ita ita kaɗai. Idan ta haɗu da hujjar lokaci da ta hoton eksire da ta canjin harsashi, shakka ba ta da sauran wurin zama.

Labarin tsibirin Hokkaido na Japan ya nuna cewa abin ba na Amurka ba ne kawai. Mikiyar teku ta Steller, wadda tana cikin mafi nauyi a duniya kuma yawanta bai wuce dubbai kaɗan ba, tana zuwa can daga gabashin Rasha ta yi hunturu tana cin kifi. A shekarun 1990 kifin da ta saba samu a bakin teku ya ragu, a daidai lokacin da barewa suka yi yawa a tsibirin har hukuma ta ƙarfafa harbinsu. Mikiyoyin suka shiga cikin duwatsu suna cin ragowar barewa, aka fara tsintar gawarwakinsu, manya masu ƙiba waɗanda ba yunwa ce ta kashe su ba. Hukumar Hokkaido ta hana harsashin dalma a farautar barewa daga 2000, ta faɗaɗa hanin zuwa dukan manyan namun daji a 2004, amma aka ci gaba da samun masu mutuwa saboda wasu maharba ba su daina ba, har sai da aka haramta riƙe irin wannan harsashi don farautar barewa a 2014. A Jamus kuwa, binciken gawarwakin mikiya mai farar wutsiya da aka yi a wata cibiyar nazarin namun daji ta Balin ya nuna cewa dalma ce ta kashe kusan ɗaya cikin kowace huɗu.

Adadin da kuka karanta ya fito ne daga binciken da Vincent Slabe da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science a Fabrairun 2022. Sun auna mikiyoyi 1,210 daga jihohi 38 tsakanin 2010 da 2018, suka sami dalma mai yawa a ƙashin kashi 46 zuwa 47 cikin 100 na waɗanda aka duba ƙashinsu. Yana da kyau a lura cewa ma'aunin ƙashi ne. Dalmar jini tana raguwa cikin makonni, don haka jini yana ba da labarin abin da tsuntsu ya ci kwanan nan, ƙashi kuwa yana tara ta shekara da shekaru, shi ya sa manyan tsuntsaye suka fi ƙanana yawanta. Ma'anar adadin ita ce kusan rabinsu sun sha cin dalma a rayuwarsu sau da yawa, ba wai rabinsu suna bakin mutuwa ba. Masu binciken sun ƙiyasta cewa gubar tana rage saurin ƙaruwar mai farin kai da kashi 3.8 cikin 100 a shekara, mai ruwan zinare kuma da kashi 0.8.

Wani zai ce ai mai farin kai ta farfaɗo, kuma haka ne. A 1963 ma'aurata 417 kawai aka sani suna sheƙa a jihohi 48 na ƙasar, aka hana maganin ƙwari na DDT a 1972, aka cire ta daga jerin masu fuskantar ƙarewa a 2007, kuma ƙiyasin da aka fitar a 2021 ya haura 316,000. Ita tana da yawan da za ta jure asara. Mai ruwan zinare ce abin damuwa, domin yawanta a Amurka bai wuce dubbai goma-goma ba kuma ba ya ƙaruwa, tana shekara huɗu zuwa biyar kafin ta fara ƙwai, kuma da ƙyar ma'aurata suke yaye ɗa ɗaya a shekara. A irin wannan tsuntsu, mutuwar babba guda ta fi mutuwar 'yan tsaki da yawa illa. Sannan akwai asarar da ba ta shiga lissafi. A Suwidin an maƙala wa mikiyoyi na'urar bin sawu, aka ga masu dalma a jini suna tashi ƙasa-ƙasa kuma ba sa yawo kamar sauran. Tsuntsuwar da ganinta ko saurinta ya ragu ita ce mota ke bugewa a kan mushen bakin titi, ita ce ke karo da wayar lantarki, a rubuta cewa hatsari ne ya kashe ta.

Yanzu sai sauran hanyoyin da kuka ambata. Dalmar da masunta ke ɗaura wa igiyar ƙugiya don ta nutse hanya ce ta gaske, domin kifi kan tsinke igiya ya tafi da ita, mai farin kai ta kama shi. Illarta ta fi bayyana a tsuntsayen ruwa masu tsintar tsakuwa a ƙasan tafki, abin da ya sa Birtaniya ta hana ƙananan dalmar kamun kifi a 1987, amma a mikiya kasonta kaɗan ne. Naman kifin kansa ba ya tara dalma da yawa. A nan dalma ta bambanta da DDT da zaiba, waɗanda ke ƙaruwa daga ƙaramin kifi zuwa babba zuwa tsuntsun da ya ci shi. Dalma tana tafiya ƙashi ne ta zauna, saboda haka wanda ya ci tsokar dabbar da ta sha gurɓataccen ruwa ba ya samun abin da zai kwantar da shi. Wuraren haƙar ma'adinai suna kashe tsuntsaye, kamar kwarin kogin Coeur d'Alene a jihar Aidaho, inda tsuntsayen ruwa masu tonon taɓo suke mutuwa saboda dattin tsofaffin ramukan azurfa da dalma, amma wannan matsala ce ta wuri guda, ba za ta bayyana abin da aka gani a jihohi 38 ba. Man fetur mai dalma ya bar ragowarsa a ƙasar bakin tituna, sai dai Amurka ta daina sayar da shi ga motoci tun 1996, Aljeriya kuma, wadda ita ce ta ƙarshe a duniya, ta daina a 2021. Tsohon fenti ya taɓa kashe 'ya'yan tsuntsayen teku a tsibirin Midway da ke tekun Fasifik, inda suke tsintar ɓawonsa a gindin gine-ginen soja, amma mikiya ba ta cin fenti. Ko harsashin da aka harbi mikiyar kanta da shi ya zauna a tsokarta ba ya sakin guba kamar wanda ta haɗiya, domin tsoka ba ta da ruwan tsamin da zai narkar da shi.

Kwatancin da kuka yi da Zamfara yana da wurin da ya dace. A can dutsen da ake haƙowa don zinare yana cike da dalma, ana niƙa shi a cikin gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki, har yara fiye da 400 suka rasu. Gubar ɗaya ce, illarta ga jini da ƙwaƙwalwa ɗaya ce, hanyar shiga ce ta bambanta: yaran ƙura suka haɗiya kullum, mikiya kuwa gutsuren ƙarfe take haɗiya a loma guda. Akwai kuma abin da mutanen ƙauyukan suka faɗa wa masu bincike daga baya, cewa tun kafin yara su fara suma sun lura agwaginsu suna ƙarewa, amma ba wanda ya kawo komai a ransa. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, domin agwagwa mai tonon ƙasa da baki ita ce ta fara nuna abin da ke tafe.

Ba na son a fahimci wannan bayani a matsayin zargin maharba. Yawancinsu ba su taɓa ganin hoton da na kwatanta ba, kuma kayan cikin da suke bari abinci ne mai amfani ga tsuntsaye a lokacin yunwa, in dai babu dalma a ciki. Harsashin jan ƙarfe zalla yana buɗewa kamar fure idan ya shiga jiki, ya riƙe kusan dukan nauyinsa, ba ya warwatsewa, kuma yana kashe dabba yadda ake buƙata. Ƙorafin da ake yi a kansa shi ne ya fi tsada, ba a samunsa a kowane shago, kuma sai maharbi ya sake daidaita saitin bindigarsa da shi. Waɗannan ƙorafe-ƙorafe na gaskiya ne, ko da yake mai farautar barewa harsashi kaɗan yake harbawa a shekara. Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban: Kalifoniya ta hana dalma a kowace irin farauta daga Yulin 2019, Tarayyar Turai ta hana ƙwayoyin dalma a fadamu da kewayensu daga Fabrairun 2023, Denmak ta hana harsashin dalma a farauta gaba ɗaya daga Afrilun 2024. Jihar Arizona kuwa lallashi ta zaɓa tun 2005, tana ba maharban tudun Kaibab harsashin jan ƙarfe kyauta, ko ta roƙe su su kwaso kayan cikin su fito da su daga daji, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 suna amsawa. Binne kayan cikin yana taimakawa, amma ƙasar da ta daskare ba ta haƙuwa, kuma karnukan daji suna tonowa.

Abin da ya fi saurin sauya ra'ayin maharbi shi ne sanin cewa ɓarɓashin da ke cikin rabon mikiya yana cikin rabon iyalinsa. A 2008 wani likita a jihar Dakota ta Arewa ya ɗauki hoton ƙullin niƙaƙƙen naman barewa da aka ba da sadaka ga mabuƙata, ya sami ƙarfe a fiye da rabinsu, har hukuma ta janye naman. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ma'aunin dalma a jini da aka san ba shi da illa, kuma yara da masu juna biyu su ne suka fi cutuwa. A Afirka ma an ga alamar: a Botsuwana an auna ungulaye masu farin baya fiye da 500, kusan kashi ɗaya cikin uku suna da dalma fiye da ƙima, kuma ta fi yawa a yankunan farauta da lokacin farauta. Saboda haka, Malam, idan a cikin ɗalibanku akwai 'ya'yan maharba, abin da za su iya kai wa gida shi ne a yanke naman da ke kewaye da ramin harsashi da faɗi a binne shi da zurfi, kada a jefa wa kare ko a bar wa ungulu, kuma kada a dafa naman da aka harba da dalma a cikin tsamiya ko lemon tsami, domin tsami yana narkar da ita a tukunya kamar yadda yake narkar da ita a cikin mikiya.